Cikin Baƙar Lama

Kakata Herminia ba ta duban taurari,
ta ce haske surutu ya cika.
Duhun da ke tsakaninsu take karantawa,
can cikin farin kogin da ya ratsa sama.
Ta ɗaga sanda: "Ga baƙar lama, tana shayar da ɗanta."
Ina da shekara bakwai, a Toconao,
sanyi na cizon kunnena.

Yau ina da arba'in da ɗaya.
Nakan hau tudun Chajnantor da tulun iska a baya,
don a can numfashi ma sai da awo.
Fararen faya-fayai sun karkata wuya gefe guda
kamar garken da ya ji motsi.
Ba kallo suke ba, kunne suka kasa.

Ga abin da suka jiyo.
A cikin irin wancan duhu sanyi ya kai maƙura,
saura taki goma motsi kansa ya daskare.
Ƙwayar ƙura, wadda ɗarinta ba su kai kaurin gashi ba,
ta yafa mayafin ƙanƙara.
Iskar nan mai kashe wanda ya kwana da gawayi
ta sauka a kanta, ta manne.
Shi kuwa haidirojin ba ya zama,
ɗan mitsitsi, mai ƙafar yawo,
daga wannan rami ya faɗa wancan.
Ɗaya ya kama ta, wani ya biyo, wani, sannan wani,
sai ga barasar itace,
babu itace, babu tukunya, babu mai izar wuta.
Shekaru dubu ɗari suna wucewa.
Ba wanda ke sauri a can.

Sannan tauraro ya faso,
ba mai haƙuri irin ranarmu ba,
ƙato, nauyin rana ashirin, mai ci da zuci,
ya fara huci tun bai bar zanen goyo ba.
Ƙanƙara ba ta tsaya narkewa ba, tururi ta tashi,
asirin da ta rufe ya tonu:
ruwa, barasa, amoniya mai warin turke,
da waɗansu masu dogon suna da harshe ke tuntuɓe a kai.
Kowace ƙwaya tana juyi,
kowace da muryarta, ba ta aron ta wata.

A allona muryoyin kan zama tsinaye,
cunkus, kamar ƙayar bushiya.
Ni da Eleuterio muna bin su ɗaya bayan ɗaya
da shayin da ya huce tun ƙarfe biyu.
Wannan mun san shi. Wannan ma.
Wani kuma ya tsaya shi kaɗai a tsakiya,
mun duba duk kundin da muke da shi, babu sunansa.
Eleuterio ya zana masa da'ira da jan biro,
ya ce, "Bari dai, baƙo ne, zai faɗi daga ina."
Wata biyar ke nan. Bai faɗa ba.

Ran Lahadi na gangara gida da takardar.
Idon kaka ya tafi, sai yatsu.
Ta shafa, ta shafa, ba ta ji tudu ko kwari ba.
"Lamata ce?"
Na ce, "'Yar'uwarta ce, can nesa ƙwarai."
"To me kuka samu a cikinta?"
"Ruwa, kaka. Da ɗumi. Da warin turke."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"Sai da kuka hau dutse da tulu a baya?
Ai mai ciki ce. Tun yaushe nake faɗa."

Ta miƙo mini takardar, ta juye,
ta ce in rufe ƙofa, iska na shigowa.